Birni da Ƙauye a Tarihin Karatun Ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da raba mutane gida biyu ta fuskar wurin zama, wato ɗan birni da baƙauye, kuma kowanne daga cikin sunayen nan yana ɗauke da wani hukunci a kan hankalin mai shi. Birni a asalin ma'anarsa gari ne mai ganuwa wanda sarki ke zaune a cikinsa, wato cibiyar mulkin ƙasa irin su Kano da Katsina da Zariya da Daura da Alƙalawa, ƙauye kuwa matsugunin manoma ne da ke kai haraji ga wannan cibiya. Idan aka ce mutum ya yi ƙauyanci ana nufin ya nuna rashin sanin yadda ake shiga jama'a, amma idan aka ce wane ɗan birni ne, gargaɗi ake yi wa mai sauraro ya yi hattara da shi, domin kalmar ta fi karkata ga mai iya baki da dabara. Harshen ya ware wayo, wanda shi ne sanin ta inda za a ɓullo wa mutane, daga basira ko hazaƙa, wadda ita ce saurin fahimta da kaifin ƙwaƙwalwa, sannan ya ajiye ilimi gefe guda a matsayin abin da sai an durƙusa gaban malami ake samunsa. A cikin ukun nan wayo kaɗai Hausa ta danƙa wa birni kai tsaye, sauran biyun kuwa sai an bi tarihin makarantun ƙasar kafin a gane inda suka zauna, da abin da ya zaunar da su a can.

Babu musu birane ne suka fara tara littattafai. Tarihin Kano ya nuna malaman Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma unguwar Madabo ta ci gaba da riƙe sunanta a karatun fiƙihu, wato sanin hukunce-hukuncen shari'a, har zuwa ƙarni na 20. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Al-Maghili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan yadda ake tafiyar da mulki, Katsina kuma ta yi Ɗanmarina da Ɗanmasani a ƙarni na 17, sannan ta fitar da Muhammadu Al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Dalilan da suka ba birni wannan rinjaye na zahiri ne ƙwarai. Takarda haja ce mai tsada da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga bakin Bahar Rum, littafi kuwa da hannu ake kwafarsa shafi bayan shafi, saboda haka duk inda fatake suka sauke kaya nan littafi ke fara sauka. Fada tana bukatar alƙalai da limamai da magatakarda, attajiri kuma yana bukatar wanda zai raba masa gado ya rubuta masa wasiƙa, kuma waɗannan ne suke iya ciyar da malami har ya samu sukunin zama a zaure daga asuba zuwa azahar ba tare da ya ɗauki fartanya ba.

Duk da haka, mafi girman yunƙurin ilimi da ƙasar Hausa ta taɓa gani a bayan ganuwa ya tashi. 'Yandoto, wadda a yau take cikin yankin Tsafe a jihar Zamfara, ba ta taɓa zama gadon sarautar Katsina ba, amma ta tara malamai har ɗalibai suna zuwa mata daga nesa, kuma ta riƙe wannan matsayi har zuwa farkon shekarun jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin da malamanta suka ƙi bin jama'ar Shehu aka ci garin da yaƙi. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, ya tashi a Ɗegel, ƙaramin matsuguni na Fulanin Toronkawa da ke nesa da Alƙalawa, babban birnin Gobir. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malaman da suka karanta a wurinsu da littattafan da suka sauke, kuma wanda ya bi jerin zai tarar da yawansu kawunnai ne da baffanni da sauran dangi waɗanda ke warwatse a ƙauyukan Gobir da Zamfara da Kabi, baya ga Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda Shehu ya bi har Agadas. Waɗannan malamai nisantar fada suka ɗauka a matsayin sharaɗin tsare mutuncin ilimi, suna kallon malaman fada a matsayin masu gyara wa sarki fatawa don abin duniya, kuma a kan wannan fahimta ce Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a taron idi na Magami wajen 1788, ya nemi a sakar masa mara ya yi wa'azi a maimakonta. Mutanen da suka bar wa ƙasar ɗaruruwan littattafai cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, da ma'aunin ɗan birni na wancan zamani, ƙauyawa ne.

Da aka kafa Sakkwato a 1809 sai ƙauyawan jiya suka zama masu birni, ilimi kuma ya bi su can, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa malamai ne ke yi wa gari suna. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta lura da cewa matan karkara ba su da hanyar zuwa zauren malami, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle alamar izini, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa wurin Asma'u suna ɗaukar karatu cikin waƙa suna komawa da shi gida.

A fagen haddar Alƙur'ani kuwa, al'adar ƙasar ta fifita karkara ne a fili. Tsangaya, wato makarantar allo ta masu neman hadda wadda ake kafawa da bukkokin kara a gefen gari, ta fi ƙarfi a gabas, daga ƙasar Haɗeja da Damagaram har cikin Barno, shi ya sa idan aka ce yaro ya tafi gabas kowa ya san abin da ya tafi nema. A can ne almajiri ke hawa matakan da aka sani, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, wanda Allah ya ba shi rabo ya zama alaramma, wato wanda ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka, a sama da shi kuma akwai gwani, wanda ya san adadin sau nawa kalma ta zo da wuraren da ta zo. Malaman tsangaya sun yi ittifaƙi cewa hayaniyar birni tana cinye hadda, har ma gardawa kan keɓe kansu a daji na wani lokaci don tilawa kaɗai. Akwai kuma lissafin ciki a cikin lamarin, domin a ƙauye malam yana da gona, almajirai su yi noma da damina su ci abin da suka noma, sai da rani ne ake shiga birni ci-rani. Wanda ya sauke ya nemi littattafai shi ne ke juyowa ya nufi Zariya don nahawu, wato ƙa'idojin Larabci, ko Kano don fiƙihu. Ɗalibi guda ne ke yin zangon biyu, ƙwaƙwalwar da ta yi hadda a bukka ita ce ke zuwa ta warware i'irabi a zauren unguwar Ƙona.

Zuwan Turawa ya kawo sabon nau'in babban birni, wanda ba shi da ganuwa ba shi da sarki. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 hedikwatar mulkin Arewa tana Zungeru, daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1917, garin da aka zana a kan takarda saboda kogi da layin dogo. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Turawan ba su kai makarantunsu na farko hedikwata ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a Nasarawa ta bayan ganuwar Kano ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a 1909, ita kuma babbar kwalejin horon malamai, wadda ita ce ƙololuwar boko a Arewa ta wancan lokaci, a Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Daga cikin hujjojin da ya bayar na zaɓen Katsina akwai tsohon sunanta a ilimi, da kuma nisanta daga jirgin ƙasa da hada-hadar kasuwanci, hujjar da duk wani alaramman tsangaya zai amince da ita ba tare da gardama ba. Sai a 1938 aka ɗauke kwalejin zuwa Kaduna, kuma ba ta daɗe a can ba aka wuce da ita Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

Tsarin da ya kai yaro wannan kwaleji tsani ne mai hawa uku, kuma siriri ne ƙwarai. A ƙasa akwai elementare a garin hakimi, inda ake koyarwa da Hausa, sai midil a hedikwatar lardi, wadda makarantar kwana ce a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, sannan 'yan ƙalilan daga kowane lardi su wuce Katsina. Da yake jama'a suna ƙyamar boko, hakimai da dagatai ake ɗora wa nauyin kawo yara, wasu manyan ma sukan ɓoye 'ya'yansu su tura na barorinsu. Sunayen waɗanda suka hau tsanin sun isa shaida, tunda al'adar makarantun ce a liƙa wa yaro sunan garinsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan talaka ne daga wani ƙaramin gari a kudancin Bauci, Ahmadu Bello a Raɓa aka haife shi, Shehu Shagari ya fara karatu a Yabo kafin ya ga Sakkwato. A gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, wadda Rupert East ya shirya, Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da yayansa Bello mai Ganɗoki 'yan Kagara ne, Muhammadu mai Idon Matambayi ɗan Gwarzo ne, ga kuma Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. A zuriyar da ta biyo baya, Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a lissafi a Kambirij ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga Belel ya fito, Jibril Aminu kuma daga Song, dukansu a ƙasar Adamawa.

Ba a nufin birni bai fitar da nasa ba, ga Malam Aminu Kano daga unguwar Sudawa, ga Sa'adu Zungur daga cikin garin Bauci. Sai dai idan aka ɗora waɗannan a kan waɗancan za a ga abin da ya fi haɗa su shi ne irin gidan da suka fito. Aminu Kano ɗan gidan malamai da alƙalai ne, haka Sa'adu Zungur, haka Abubakar Imam, haka Shaihu Abubakar Gumi wanda mahaifinsa alƙali ne a Gummi. Yaron da ya buɗe ido ya ga tawada da alƙalami a ɗakin ubansa ya riga ya yi rabin tafiya, ko a cikin ganuwa yake ko a bayanta. Abu na biyu kuma shi ne, makarantar lardi rariya ce, tana tankaɗe yaran gundumomi ta kwashi masu kaifi ta tara su wuri guda, daga nan aikin gwamnati ya wuce da su Kaduna ko Legas, su yi aure su haihu a can. Bayan shekara talatin mai kallo daga waje sai ya ga hedikwata cike da masu ilimi ya ɗauka ƙasar wurin ce ke tsirar da su, alhali amfanin gonar wasu ne aka tara a rumbunta.

Labarin 'yan mishan ya ƙara fito da wannan fili. Saboda alkawarin da Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna na rashin taɓa addini, an taƙaita ayyukan mishan a cikin biranen Musulmi, sai suka kafa makarantunsu a wurare irin su Garkiɗa da Gindiri, waɗanda ba kowa ya san da su ba kafin nan, kuma cikin zuriya ɗaya waɗannan ƙauyuka suka riƙa fitar da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti fiye da manyan garuruwa masu ganuwa. Wusasa, wadda aka mayar da mishan ɗin Likita Miller cikinta daga birnin Zariya a ƙarshen shekarun 1920, ita ce ta ba Arewa likitanta na farko, Barau Dikko, a nan kuma Ishaya Audu da Yakubu Gowon suka yi karatun farko. Tazarar da ta fi kowace girma ma tsakanin Arewa ne da Kudu, inda Legas ta samu sakandaren mishan tun 1859, kuma a 1957 Kudu tana da makarantun sakandare 176, Arewa gaba ɗayanta tana da 18.

A hayin iyaka Faransawa sun bi wata hanya dabam, irin wadda suka saba da ita a gida, inda komai ke komawa Faris. Sun ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, suka tattara abin da ke akwai na karatu mai zurfi a can, wanda ya wuce nan kuma sai makarantar William Ponty a Senegal. Lokacin samun 'yanci a 1960 yaran da ke zuwa makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jami'ar ƙasar a Yamai aka fara ta a 1971, kuma kusan shekara arba'in ɗan Maraɗi ko Tawa ko Damagaram mai neman digiri a jami'ar gwamnati ba shi da zaɓi sai ya tafi can, har zuwa 2010 da aka ba waɗannan garuruwa uku nasu jami'o'in. Jami'ar ta Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana, wanda aka haifa a Tasawa a 1929.

A Nijeriya shekarun farko na mulkin kai sun riƙe tsohon tsani, har ma suka faɗaɗa shi. An buɗe makarantar Kafital a Kaduna don 'ya'yan ministoci da manyan ma'aikata, wadda ita ce farkon alamar cewa hedikwata za ta yi wa kanta makaranta ta musamman, amma jami'ar Arewa a Samaru ta Zariya aka kafa ta a 1962, kuma a 1977 gwamnatin Kano ta kai makarantun kimiyyarta Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, tana ɗaukar yara da jarrabawa daga ko'ina cikin jihar, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan garuruwa biyu suna da yawan gaske. Sauyin ya zo ne da shirin ba kowa ilimin firamare kyauta na 1976, wanda aka yi tsammanin yara miliyan 2.3 a ajin farko sai kimanin miliyan 3 suka bayyana, aka cike azuzuwa da malaman da aka horar cikin gaggawa. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa, aka mayar da makarantun kwana da yawa na jeka-ka-dawo, mai hali a birni ya janye ɗansa ya kai makarantar kuɗi, malamin kirki da aka tura ƙauye kuma ya shiga neman hanyar da za a dawo da shi gari. Daga wannan lokaci ne tazarar birni da ƙauye ta zama irin wadda ake gani a yau, kuma tazara ce ta gaske, wadda musunta ba zai amfani kowa ba.

Abuja, wadda gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba 1991, ta maimaita labarin Kaduna a babban sikeli. Makarantun Maitama da Asokoro 'ya'yan waɗanda aka tankaɗo daga jihohi 36 ne ke cikinsu, alhali firamaren ƙauyukan Gbagyi a Kwali da Abaji, duk da suna cikin yankin babban birnin, ba su da wani fifiko a kan takwarorinsu na Neja ko Nasarawa. A shekarun da aka riƙa jera jihohi bisa sakamakon WAEC, Abiya da Anambra ne suka sha zuwa kan gaba. Sakamakon jarrabawa ma ma'auni ne mai ruɗi, domin da Ingilishi ake yin ta, yaron da ke jin harshen a gida da talabijin ya riga ya tsere wa wanda bai taɓa jin sa ba sai a bakin malami, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta, na'urar da wani ɗan ƙauyen ranar ce zai fara ɗora hannu a kanta. Akwai kuma 'yan birnin da ke zuwa su yi rajista a makarantun lungu inda sa ido ya yi ƙaranci don satar amsa, wanda ke sa ƙididdigar wasu ƙauyukan ta yi kyan da ba nata ba.

Game da ita basirar kanta, gwajin da ake auna ta da shi, wanda Alfred Binet ya ƙirƙiro a Faransa a 1905 don gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako a aji, ya tabbata cewa yana hawa da sauka da yanayin rayuwa. A ƙasashen da aka daɗe ana yin sa makin jama'a ya riƙa ƙaruwa da kimanin 3 a kowace shekara goma cikin ƙarni na 20, saurin da gado ba zai iya bayyana shi ba, kuma bincike ya nuna kowace shekara guda ta zaman aji tana ƙara maki tsakanin 1 da 5. Wannan yana nufin ƙwaƙwalwa kamar shuka take, ana iya tauye ta tun tana tsiro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 45 cikin 100 na yaran karkara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a birane kuwa kashi 27, kuma tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, irin su Dareta da Bagega, ta kashe yara sama da 400, waɗanda suka rayu kuma da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta warkewa.

Abin da ya rage na tsohon tsanin shi ne makarantun kwana na gwamnati da ke ƙananan garuruwa, inda har yanzu ɗan manomi ke iya zama benci ɗaya da ɗan kwamishina idan ya ci jarrabawar shiga, kuma su ne 'yan bindiga suka fi sa wa ido. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a ƙarshen Fabrairu 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe, jihohi da dama kuma suka rufe makarantun kwanan da ke wajen manyan garuruwa ko suka kwashe ɗalibansu zuwa cikin birni. Kwana tara kafin Jangebe, ranar 17 ga Fabrairu, an shiga kwalejin kimiyya ta Kagara da dare, aka kashe ɗalibi ɗaya aka tafi da 27 tare da wasu malamai da iyalansu, a garin da aka haifi Abubakar Imam a 1911.